Yadda ake ɗaukar sin ɗaya ya taɓa mai kallo, tun daga dasa kyamara har zuwa editin

Akwai abin da yake damuna da yawancin fina-finanmu, musamman masu dogon zangon nan da ake sakawa a YouTube duk mako. Sai ka ga an jera mutum biyu a kan kujerar falo, an dasa kyamara a gabansu kamar mai ɗaukar bidiyon walima, su yi ta zuba zance minti bakwai ba abin da ya motsa sai baki, can jaruma ta ce "wallahi raina ya ɓaci" kuma da ba ta faɗa ba babu yadda za a yi ka sani. Kana iya cusa wayar a aljihu ka ci gaba da saurare kamar wasan kwaikwayon rediyo, ba ka yi asarar komai ba. Ni ba na ganin laifin kowa, don asalinmu kenan, Turmin Danya da ake cewa shi ne fim ɗin bidiyo na Hausa na farko a 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce ta yi shi a Kano, daga dandamali muka taso, a dandamali kuwa baki ne jari. Amma kyamara tana da nata bakin, kuma shi nake so mu koya a nan.

Don kada mu yi ta yawo a iska bari mu ɗauki sin guda, wato fitowa ɗaya a fim da take faruwa a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, mu bi shi tiryan-tiryan. Alhaji zai ƙara aure, bai faɗa wa uwargida ba tukuna. Ita kuma da rana tana ware kayan wanki ta tsinci takardar lissafin kayan lefe a aljihun rigarsa. Dare ya yi, ya dawo, ta kawo masa abinci, shi yana ta neman ta inda zai fara. Shi kenan sin ɗin. Ko da waya kake ɗauka duk abin da zan faɗa zai yi maka aiki.

Mataki na farko: sin ɗin na waye?

Kafin ka taɓa kyamara ka zauna da takarda ka amsa tambaya biyu. Ta wa muke ji a wannan sin ɗin, kuma me ya canza tsakanin farkonsa da ƙarshensa. In ba abin da ya canza to ba sin ba ne, hira ce, cire shi ka huta. A namu ni na zaɓi uwargida, kuma abin da ya canza shi ne Alhaji ya shigo a matsayin mai riƙe da sirri ya fita yana wanda aka riga aka gano. Kana iya zaɓar Alhaji, ba laifi, sai dai duk sauran shawarwarin da za su biyo baya za su juya. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ka ce na kowa ne. Sin ɗin kowa shi ne wancan na kujerar falo.

Mataki na biyu: me mai kallo ya sani, kuma yaushe ya sani

Nan ne mutane da yawa suke zubar da garinsu tun a rubutu. Daraktan nan ɗan Ingila Alfred Hitchcock yana da misali da ya shahara a kai: mutum biyu suna hira a tebur, kwatsam bam ya tashi, mai kallo ya firgita na daƙiƙa goma sha biyar shi kenan. Amma in ka fara nuna masa an dasa bam ɗin a ƙarƙashin tebur, ya ga agogo yana tafiya, to hirar banzar da suke yi sai ta zama minti goma sha biyar na zaman ɗar-ɗar, mai kallo kamar ya shiga allon ya ce musu ku tashi.

Takardar lefen nan ita ce bam ɗinmu. In ka ɓoye ta sai ƙarshe, mai kallo zai zauna yana kallon mata tana zuba miya kawai, a ƙarshe ya ɗan ce "au". In kuwa ka nuna ta tun farko, hannunta yana warware takardar, atamfa kaza leshi kaza, ta ninke ta tura ƙarƙashin faranti a kan tire, to daga nan duk "sannu da zuwa Alhaji" da za ta ce yana da nauyi biyu, duk lomar da ya kai baki farantin yana ƙara kusantar a ɗaga shi. Ba ka ƙara ko kalma ɗaya a sikirif, wato rubutaccen labarin fim ɗin, ba fa.

Mataki na uku: zaunar da mutane kafin ka zaunar da kyamara

Wannan zan ɗan daɗe a kansa don a nan muke da arzikin da ba mu amfani da shi. A gidan Bahaushe inda mutum ya zauna ma magana ne. Maigida yana kan kujera, matar tana ƙasa a kan kafet tana zuba abinci, yaro ya shigo ya durƙusa daga bakin ƙofa, suruki ba ya haɗa ido da surukarsa. Turawa sai sun ƙirƙiro dalilin da zai sa wani ya fi wani tsawo a hoto, mu kuwa al'ada ta riga ta tsara mana. Don haka ka fara sin ɗin a yadda aka saba, shi a sama ita a ƙasa, tire a tsakaninsu. Sai ka tambayi kanka a wane layi ne wannan tsarin zai karye. Ni inda nake so shi ne daidai lokacin da ya ce "dama akwai maganar da nake so mu yi", ita kuma ta miƙe tsaye da jug a hannu wai za ta ƙaro ruwa. Yanzu ita ce a sama, shi yana ɗaga kai yana kallonta. Ba ta yi rashin kunya ba, ba ta ɗaga murya ba, amma duk wanda ya tashi a gidan Hausa jikinsa zai ba shi cewa mulki ya koma hannu ɗaya.

Sannan ka ba jarumai aikin hannu. Macen da ta san kara ba za ta tsaya tana zazzare wa miji ido tana huci ba, fushinta a hannu yake fita, yadda ta rufe murfin kula, yadda ta ci gaba da zuba miya bayan ta isa, yadda take goge cokalin da yake a goge. Shi kuma ya yi ta juya hula a gwiwa ko ya duba wayar da ba wanda ya kira. Jarumin da ba shi da abin yi da hannunsa shi ne yake komawa wasa da gira da taɓe baki, daga nan sai abin ya zama na barkwanci ba ka shirya ba.

Mataki na huɗu: nisa da kusa

Girman shot, wato ɗauka guda ta kyamara ba yankewa, iri uku ya ishe ka. Na nesa mai nuna ɗakin gaba ɗaya da tazarar da ke tsakaninsu, na tsakiya daga ƙugu zuwa kai, sai na kusa wanda fuska ta cika allo ko hannu kaɗai. Dokar da nake bi ita ce shot na kusa kamar gishiri yake. In ka fara sin da fuska cike da allo tun daga sallama, lokacin da maganar gaske ta zo ba ka da sauran inda za ka matsa. Fara daga nesa, ka riƙa matsowa kaɗan kaɗan yadda zancen yake matsowa, ka ajiye mafi kusa ɗin nan guda ɗaya tak don daƙiƙar da ta fi kowace zafi. Kuma tunda mun ce sin ɗin nata ne, ita za ta samu wannan shot ɗin, Alhaji ya tsaya a na tsakiya har kusan ƙarshe. Mai kallo yana bin wanda aka kusanto masa da shi ko da bai san dalili ba.

Abu ɗaya da ya kamata ka tuna, yawancin masu kallonka a waya za su gani, allon da bai fi tafin hannu ba. Shot na nesa a waya fuska ɓacewa take, saboda haka kada ka ɗora masa aikin nuna hawaye, aikinsa nuna tazara ne da wanda yake tsaye da wanda yake zaune.

In da waya kake ɗauka kada ka kai ta dab da hancin jaruma don ka samu na kusa, lens ɗin farko na waya, wato gilashin idon kyamarar, mai faɗi ne, yana kumbura hanci ya tura kunnuwa baya. Ja da baya ka danna 2x ko 3x in wayar tana da shi. Sai dai in kana so mutum ya fito abin tsoro ko abin dariya, to nan kumburin ma makami ne.

Mataki na biyar: tsayin kyamara da layin da ba a tsallakawa

Kyamara daga ƙasa tana kallon mutum sama tana ba shi kwarjini, daga sama tana kallonsa ƙasa tana ƙanƙantar da shi, kowa ya san wannan, kuma saboda kowa ya sani ne ake wuce gona da iri har ka ga kamar mai kyamarar ya kwanta a ƙasa. Kaɗan ya isa. A farkon sin ɗinmu ka sa kyamarar daidai tsayin idonta tana zaune a ƙasa, ma'ana muna ganin Alhaji yadda take ganinsa. Da ta miƙe kada ka bi ta da kyamarar nan take, bar ta a ƙasa ta kalle ta sama, sannan shot ɗinsa na gaba ka ɗauko shi daga saman kafaɗarta.

Layin kuwa shi ne wanda ake cewa dokar digiri 180. Ka ja layi a ranka daga shi zuwa ita, ka zaɓi gefe ɗaya, duk inda za ka dasa kyamara ya kasance a wannan gefen. Haka zai sa ita kullum tana kallon dama shi yana kallon hagu, a editin, wato lokacin yanka hotuna da haɗa su, su zama suna fuskantar juna. In ka tsallaka sai su fito duk suna kallon gefe ɗaya kamar masu jiran mota. Na taɓa yin wannan kuskuren a wani ɗan gajeren fim, ba mu lura ba sai da muka zauna gaban kwamfuta, gidan da muka ara kuma masu shi sun riga sun dawo daga tafiya, haka muka juya hoton ta madubi, agogon hannun jarumin ya riƙa tsalle daga hagu zuwa dama.

Motsin kyamara ba zan ce komai da yawa ba. Ka kafe ta a kan ƙafarta. In za ta motsa sau ɗaya, to a hankali zuwa fuskarta lokacin da yake kame-kame. Zum ɗin nan mai shiga da fita sau uku da ƙarar ganga da muka kwaso daga wasannin Indiya na talabijin, don Allah a bar shi.

Mataki na shida: haske

Ƙwan silin na tsakiyar ɗaki shi ne babban maƙiyinka, yana zubo haske daga sama ya bar ramin duhu a idanu, kuma ya haske ko'ina daidai wa daida har bango ya fi mutum fitowa. Kashe shi. Kawo fitila ɗaya ka ajiye ta gefe, ka sa farin yadi ko farar takarda a gabanta don hasken ya yi laushi, a ɗaya gefen ka riƙe farin kwali ya mayar da kaɗan. Yanzu kana da fuska mai ɓangaren haske da ɓangaren inuwa, kuma yawan inuwar shi ne yawan nauyin sin ɗin. Alhaji mai ɓoye magana ka bar rabin fuskarsa a inuwa. Ita kuma ka tabbata akwai ɗan ɗigon haske a ƙwayar idonta, wannan ɗigon shi yake nuna ƙwalla tun kafin ta zubo, in babu shi ido mutuwa yake a hoto.

Fatarmu baƙa ce, tana son haske mai faɗi da take mayarwa, ba mai ƙarfi da zai ƙona goshi ba. Kuma ka yi faɗa da mai kula da sutura tun wuri kan farar shadda, don in Alhaji ya sa fara ƙal kyamara za ta bi rigar ta rage haske fuskarsa ta nutse. Ruwan toka ko ruwan ƙasa ya fi. Kada ka haɗa farin ƙwai da ja a ɗaki ɗaya in ba da gangan ba, hasken rana wajen 5600 yake a ma'aunin launi, ƙwai mai ja wajen 3200, ka faɗa wa kyamara wanda za ta bi. Sannan tunda lantarkinmu a Najeriya da Nijar mai bugu 50 ne a daƙiƙa, saita kyamara a firem 25 (hoto 25 a daƙiƙa) da shota 1/50 (tsawon lokacin da kowane hoto yake shan haske), in ba haka ba za ka ga hoton yana ƙyafta ido.

Ni da zan ɗauki sin ɗin nan ma sai in sa a ɗauke wuta a tsakiyarsa ta kunna fitila mai caji ta ajiye a ƙasa. Ba wanda zai ce ƙarya ne.

Mataki na bakwai: sauti, wanda kowa yake mantawa

Mai kallo zai yafe maka hoto mai dishi-dishi amma ba zai yafe sautin da ba ya ji ba. Makirfo ya matso kusa da baki iya yadda zai yiwu ba tare da ya shigo hoto ba, janareta a kai shi can bayan gida da doguwar waya, a kashe fanka da firji. In an gama ɗauka kowa ya yi tsit ka naɗi shirun ɗakin na minti ɗaya, edita zai yi maka addu'a, da shi ake cike gurbi tsakanin maganganu.

Wannan gyara ne kawai. Ma'anar tana cikin ƙananan sautuka: cokali a jikin faranti, ruwa yana zuba a kofi, yara suna karatu a ɗakin gefe, babur ya wuce a lungu. Ka naɗe su daban. Lokacin da Alhaji ya yi shiru ya rasa ta cewa, ka ɗaga ƙarar cokalin nan kaɗan, shirun sai ya yi kauri. Muryar yaran kuwa tana tuna wa mai kallo abin da yake cikin haɗari ba tare da wani ya ce "ka tuna da 'ya'yanka" ba.

Kiɗa kuma mu ji tsoron Allah. Piyanon tausayi tun daga sallama har fita kamar kana riƙe da kunnen mutum ne kana ce masa yi kuka. Bar sin ɗin ba kiɗa har sai an ɗaga farantin, ko ma bayan an ɗaga. In kiɗa yana tafiya tun farko to ka yanke shi ɗif a wannan daƙiƙar, yankewar ta fi shigowar ƙarfi.

Mataki na takwas: editin

Wajajen 1920 wani ɗan Rasha mai suna Lev Kuleshov ya yi wani gwaji. Ya ɗauki fuskar jarumi guda wadda ba ta nuna komai, ya haɗa ta da kwanon miya, ya sake haɗa ta da gawa a akwati, ya sake haɗa ta da wata mace. Masu kallo suka riƙa yaba jarumin, wai ga yunwa, ga baƙin ciki, ga sha'awa, alhali fuskar ɗaya ce. Wato mai kallo ne yake ƙulla ma'ana tsakanin hoto biyu. Amfanin wannan gare ka shi ne ba sai jarumarka ta yi ta murɗa fuska ba. Ka ce mata ta kalli tire kawai kada ta yi komai. Fuskarta, gefen takarda yana leƙowa a ƙarƙashin faranti, fuskarta kuma. An gama, mai kallo zai rantse ya ga zuciyarta tana tafasa.

Kuskuren da sababbin editoci suke yi shi ne bin baki, duk wanda yake magana shi ake nunawa, kamar ƙwallon tebur. A sin irin wannan mai saurare ya fi mai magana muhimmanci. Alhaji yana "kin san dai rayuwa, kuma addini ya..." mu kuma muna kan hannunta tana goge cokali. Ka bar muryarsa ta shigo tun hoton yana kanta, ko hoton ya koma kansa muryarta ba ta gama ba, wannan saƙar ita take ɓoye ɗinkin har mai kallo ya manta ana yankawa.

Tsawon kowane shot shi ne numfashin sin ɗin. Gajeru a jere suna ɗaga hankali, dogo yana danne ƙirji. Da ya ɗaga farantin ya ga takardar, hannunka zai yi ƙaiƙayi ka yanka zuwa fuskarta ka ga me za ta yi. Kada ka yanka. Zauna a kansa, ƙirga uku a ranka, huɗu ma, bar mai kallo ya ji kunyar tare da shi, sannan ka je wurinta da shot ɗin nan mafi kusa da ka ɓoye tun farko. Ta ce "a ƙaro miya ne Alhaji?" Fita daga sin ɗin a nan. Bayanin da zai yi, kukan da za ta yi a ɗaki, duk mai kallo ya riga ya yi su a kansa.

Don editan ya samu abin yin duk wannan dole ranar ɗauka ka ba shi kaya. Ɗauki sin ɗin gaba ɗaya daga nesa sau ɗaya ko biyu, sannan gefenta gaba ɗaya har da wuraren da ba ta magana, sannan gefensa, sannan hannaye da tire da takarda. Kada ka yi saurin cewa kot, wato a tsayar da ɗauka, bar kyamara ta ƙara daƙiƙa biyar bayan layin ƙarshe, sau da yawa abin da jarumi ya yi bayan ya zaci an gama shi ne ya fi komai kyau. A samu wani ya riƙa lura da yawan tuwon da ke faranti da hannun da jug yake, kada malmala ta koma cikakkiya bayan an ci rabi.

Mataki na tara: gwaji

Ka fitar da sin ɗin ka tura a waya, ka kashe sautin gaba ɗaya, ka miƙa wa wanda bai san labarin ba, ba abokin aikinka ba, ƙanwarka ko mai shagon unguwa. Kada ka yi masa bayani, kuma kada ka kalli allon, fuskarsa za ka kalla, ka lura da inda ya ɗauke ido ko ya gyara zama. In ya gama ka tambaye shi abu uku, wa yake ɓoye abu, wa ya fi ƙarfi a ƙarshe, kuma wa ya tausaya wa. In ya ce Alhaji ya tausaya wa alhali uwargida ka nufa, koma ka ƙirga shot na kusa nawa ka ba kowannensu da daƙiƙa nawa kowa ya yi a allo, galibi a nan ɓarakar take. Inda ya ɗauke ido kuma ka rage daƙiƙa biyu ka sake miƙa wa wani daban, don na farkon ya riga ya san akwai takarda a ƙarƙashin farantin.